Gidan da Hezekiya Ya Saya wa Kakar Amarya

Ranar Lahadi, takwas ga Oktoba, 2023, da ƙarfe ɗaya da minti ashirin na rana, a hawa na biyar na wani tsohon bene a unguwar Morrisania, can ƙetaren teku, Mang ya ajiye cokalinsa ya ce yana so ya yi aure.

Uwarsa Salome ta ɗaga hannu sama ta gode wa Ubangiji, don yaron ya kai shekara talatin da huɗu, ubansa kuma ya rasu bai ga wannan rana ba. Ƙanenta Hezekiya, wanda ba ya fashin cin abincin Lahadi a gidanta, bai ɗago daga kwanon gwatensa ba sai da ya ji sunan yarinyar.

"Sunanta Wai-Ling," in ji Mang. "Tare muke aikin jinya. Iyayenta mutanen Hong Kong ne, sun kuma yarda. Saura kakarta."

"Kaka kuma?" in ji Salome.

"Ita ta rene ta, Mama. Shekararta tamanin da takwas. Ran Asabar ashirin da ɗaya ga wata za su tara dangi a wani gidan cin abinci a Brooklyn. Zan miƙa wa tsohuwar shayi. In ta karɓa ta sha, an ba ni. In ba ta sha ba, Wai-Ling ta ce ba za ta ƙetare maganarta ba."

Hezekiya ya lashe cokali, ya ajiye shi a hankali, ya gyara zama.

"Yaro," ya ce, "ka taki sa'a da kake da kawu irina."

A shekara ta 2009 ikkilisiyarsu ta Bukuru ta aike shi Guangzhou sayen tayil na daɓen coci. Ya yi kwana goma sha ɗaya, tara daga ciki a ɗakin otal yana fama da ciki. Tun daga nan ba a ƙara ambaton ƙasar Sin a gabansa ba sai ya gyara wa mai magana zance. Ko marasa lafiyan da yake kaiwa asibiti a motar aikinsa ba su tsira ba, sai da suka san yadda ake riƙe tsinken cin abinci na Sinawa. Mutanen bene suna kiransa Jakada, shi kuwa yana amsawa da zuciya ɗaya.

Mang ya zaro takarda daga aljihu. "Kawu, ba sai ka wahala ba. Ta rubuta mini abin da za mu kai. Lemo takwas, ganyen shayi gwangwani biyu, da kwalin biskit mai jan marfi."

"Lemo!" in ji Hezekiya. "Dubiya za mu je ko neman aure? Yaya, kin ji ɗanki? Za mu shiga gaban Sinawa da lemo kamar masu talla a tashar mota."

"Ita ta san kakarta, Hezekiya."

"A nan aka haife ta. Ni kuwa na taka ƙasar da ƙafata. Ku bar mini wannan."

Ya karɓi takardar ya ninke ta ya sa a aljihun rigar coci, inda ta zauna lafiya har aka kai rigar wanki.

Ran Talata ya sayi wani ƙaton littafi a teburin tsofaffin littattafai a bakin titi. Littafin na kayan adon gida ne na mutanen Hong Kong: butocin shayi, fitilun takarda, kujerun katako, kwanukan tangaran masu zanen kifi. A shafi na ɗari da goma sha biyu ya tsaya. Ga wani ɗan gida na takarda, bene mai jan rufi da tagogin zinariya, har da mota a gareji. A ƙarƙashin hoton an rubuta da Turanci, a fili, cewa irin wannan gida ana ƙona shi ne don wanda ya mutu ya sami wurin zama a can. Amma rubutun ƙanana ne, Hezekiya kuma ba ya sa tabarau, don ya ce tabarau na tsofaffi ne. Shekararsa sittin da ɗaya.

"Ka ga mutane masu hikima," ya ce wa kansa. "Kana neman 'yarsu, sai ka nuna musu irin gidan da za ka gina."

Ran Alhamis ya shiga jirgin ƙasa na layin D ya sauka a unguwar Sinawa da littafin a hammata. Ya nuna hoton a shago biyar, kowa ya yi masa nuni da hannu ba tare da ya dube shi sau biyu ba, har ya isa wani titi da dogayen baƙaƙen motoci suka yi layi, direbobi sanye da baƙar kwat. Hezekiya ya gyaɗa kai. Unguwar masu kuɗi ce, ba shakka.

Mai shagon wani siririn dattijo ne, yana cin taliya a bayan kanta. Gidajen takarda sun cika shagon har rufi. Suka yi magana da Turancin kasuwa.

"Na wa?" in ji mai shago.

"Na wata tsohuwa. Tamanin da takwas."

"Ta yi tsawon rai. Sannu da haƙuri. Wace rana ce?"

"Asabar, ƙarfe ɗaya."

"Yaushe ta tafi?"

"Ina za ta? Tana Brooklyn. Mu ne za mu je mu same ta."

Mai shago ya dakata da taunawa. "Tana asibiti ke nan."

"Lafiyarta ƙalau. An ce da ƙafarta take zuwa kasuwa."

"To me ya kawo ka nan?"

"Mu a wurinmu ba ma jira sai abu ya zo. Tun da wuri muke shiri. Ran Asabar nake so in gama da ita."

Mai shago ya ajiye tsinkensa. "Ta sani?"

"Ina fa! Ba-zata za mu yi mata."

Dattijon ya yi iya ƙoƙarinsa, wannan kam a shaide shi. Ya nuna gidan, ya kwaikwayi ƙyasta ashana, ya kaɗa yatsunsa sama kamar hayaƙi, ya ce, "Wuta. Wuta."

"Na sani takarda ce," in ji Hezekiya. "Ni ba yaro ba ne da zan kai ta kusa da wuta."

Ya zaɓi mafi girma, mai tsayin ƙafa uku da rabi. Sai kuma idonsa ya faɗa kan wasu ɗaurin kuɗi na takarda, jajaye, da hoton wani sarki mai gemu da sifili jere kamar ƙwai a faranti. Nan take ya gane amfaninsu. Ashe Sinawa ma suna liƙi, amma don wayo sun buga kuɗin wasa saboda kada a tattake na gaske. Ya ɗauki ɗauri shida. Mai shago ya dube shi, ya dubi rufi, ya ɗauko wani jan bokitin ƙarfe mai huji-huji, wanda a ciki ake ƙona kayan, ya ɗora masa a kai kyauta.

"Ka ga gyara," in ji Hezekiya. "Sun san nasu in sun gan shi."

A jirgin dawowa, da ya shiga da gidan a rungume, Sinawan da ke zaune suka tashi ɗaya bayan ɗaya suka bar masa benci guda. Wata tsohuwa ta juya fuska, da aka tsaya a tasha ta gaba ta sauya tarago. Hezekiya ya zauna a tsakiya, gida a dama, bokiti a hagu, yana sunkuyar wa kowa da kai.

A ƙasan benensu akwai shagon Boubacar, mutumin Dogondutsi, wanda ya shekara goma sha shida yana sarin jakunkuna da agogo a hannun Sinawa. Yana ganin Hezekiya ya fito bakin ƙofa.

"Jakada! Wa ya rasu?"

"Bakinka ya sari ɗanyen kashi. Kayan neman auren Mang ne."

Boubacar ya zagaya gidan sau biyu. "Bon. Ni dai ban yi boko ba, ban kuma tafi Guangzhou ba. Amma wallahi ban taɓa ganin wagga abu a gidan mai rai ba."

"Gidan Basine nawa ka shiga? Kai daga sito sai sito."

"Ka tambayi yarinyar mana. Waya ɗaya ce."

"In tambayi 'yar cikina al'adar da na gani da idona? Da ka ga yadda suka tashi mini a jirgi."

"Tashi sunka yi ko gudu?"

"Hassada ce ke damunka. Ba ni wancan agogon bangon, mai ruwan zinariya. Tsohuwa na son sanin lokaci."

"Agogo kuma? Pardon, Jakada. Uban gidana na sari ya taɓa ce mini ko maƙiyinka kada ka ba shi agogo."

"Don yana so ka bar masa su ya sayar. Naɗe mini."

"Na faɗi sau ɗaya, na faɗi sau biyu," in ji Boubacar, yana sauko da agogon. "Na ukun ciniki ne. Amma ni zan kai ka da motata ran Asabar. Ko kuɗin mai ba na so. Ina so in gani."

Hezekiya ya ari farin zanin gado a wurin Salome ya lulluɓe gidan, ya hana kowa ɗagawa. Mang yana ta aiki a asibiti, ya kira sau uku yana tambayar lemo, sau uku aka ce masa ya kwantar da hankalinsa. Ran Asabar da safe Hezekiya ya ƙara da damin fararen furanni, don fari alamar tsarki ne.

Gidan cin abincin babban zaure ne a hawa na biyu, da jan kafet da tebura masu zagaye. Dangin Wai-Ling sun cika tebur uku, mutum talatin. A ɗaya gefen zauren wasu suna bikin cikar jariri wata ɗaya. Kakar, wadda kowa ke kira Po Po, tana zaune a tsakiya, 'yar ƙaramar tsohuwa da jar riga da awarwaron dutse kore. Babban ɗanta yana damanta, mutum mai tumbi da zobe. Mang da Salome sun riga sun iso, an gaisa, an zuba shayi, komai na tafiya daidai har ƙarfe ɗaya da kwata.

A lokacin ne ƙofa ta buɗe. Boubacar ya shigo da baya, Hezekiya da gaba, suna ɗauke da wani dogon abu lulluɓe da farin zane, fararen furanni a kansa. Surutun zauren ya ɗauke.

"Kawu," in ji Mang, muryarsa ƙasa-ƙasa, "ina lemon?"

"Zauna ka koyi aiki."

Suka ajiye kayan a kan tebur a gaban tsohuwar. Hezekiya ya gaishe ta da kalmomi uku da ya kawo daga Guangzhou, waɗanda ba na harshenta ba ne, ɗaya daga ciki ma sunan maganin ciki ne. Ya miƙa mata agogon da hannu biyu. Babban ɗan ya miƙe tsaye. Wai-Ling ta toshe baki.

"Kun gani?" in ji Hezekiya da Hausa. "Tun ba a je ko'ina ba."

Ya fizge zanen. Jan rufi ya bayyana, tagogi suna ƙyalli. Wata mata ta yi ƙara ta rufe wa ɗanta ido. Masu bikin jariri suka fara neman jakunkunansu.

Hezekiya ya gyara murya ya yi jawabi da Turanci, a hankali, don kowa ya ji. "Mama, mu mutanen Filato ba ma zuwa hannu sake. Wannan gida naki ne. Addu'armu ita ce ki tare a cikinsa ba da daɗewa ba. In ta mu ce, ko yau ma."

Teburin farko ya watse. Kujeru suka faɗi.

"Kawu, don Allah ka tsaya!" in ji Mang.

"Ban gama ba. Boubacar, ɗan tafa mana."

"Ni direba ne," in ji Boubacar. Ya ja kujera ya zauna kusa da kwandon abinci.

Hezekiya ya ɓalle ɗaurin kuɗin, ya fara taka rawar da yake yi a bikin coci, kafaɗa ɗaya sama ɗaya ƙasa, yana watsa jajayen takardu a kan jama'a. Duk wanda takarda ta nufa sai ya kauce kamar garwashi aka jefo. Da ya iso gaban Po Po ya zaɓi mafi yawan sifili, ya liƙa mata a goshi, ya danna da babban yatsa don ta zauna.

Babban ɗan ne ya fara kaiwa ƙofa, duk da tumbinsa. Matarsa ta bi shi, sai 'ya'yansu, sai tebur na biyu. Masu jariri suka fice ta ƙofar kicin. Manajan wurin ya taho a guje yana ihu da harshe biyu.

Wai-Ling ta sha gaban Hezekiya, hawaye na zuba. "Kawu, kayan matattu ne! Gidan, da kuɗin, duk ƙona su ake yi wa wanda ya mutu. Ba da agogo kuma, a harshenmu, lafazinsa ɗaya da raka mutum kabari. Ka lulluɓe da fari, ka kawo furen jana'iza. Babu abin da ka bari."

Hezekiya ya tsaya da ɗauri biyu a hannu.

"To," ya ce, "a Guangzhou dai ba haka..."

Jakar Salome ta same shi a ƙeya. "Guangzhou ta ci gidanku! Kwana tara kana bayan gida, me ka gani? Ɗan marayan nan sau ɗaya ya kawo mace, ka zo ka binne masa kaka da rai!"

"Yaya, a gaban mutane?"

"Wane mutane? Ka kore su!"

Duk wannan abu Po Po ba ta motsa ba. Ta sa hannu ta ɓamɓare takardar daga goshinta, ta nisanta ta da ido, ta karanta. Ta jawo gidan ta buɗe 'yar ƙofarsa. A ciki akwai 'yan aiki biyu na takarda, namiji da mace, suna tsaye riƙe da faranti. Ta leƙa garejin. Sannan ta yi magana, Wai-Ling tana fassarawa tana share hanci.

"Ta ce, wa ya zaɓi wannan?"

Boubacar ya nuna Hezekiya da tsinken cin abinci.

"Ta ce mai tsada ne. Ta ce mijinta ya shekara goma sha ɗaya da rasuwa, kowace shekara 'ya'yanta riga ɗaya suke ƙona masa, mafi araha. Ta ce jibi Litinin ranar ziyarar kaburbura ce. Gidan na mijinta ne. Kuɗin ma nasa ne, yana son cacar sukuwar dawaki."

Tsohuwar ta buɗe 'yar jakarta, ta ciro kwabo ɗaya ta tura wa Hezekiya a kan tebur.

"Ta sayi agogon. In saya ta yi, ba kyauta ba ce, ba abin da zai same ta. Ka karɓa, Kawu."

"Agogon zinariya a kwabo?"

"Karɓi!" in ji Salome.

Po Po ta juya ga Mang. Yaron ya zuba shayi, ya durƙusa, ya miƙa da hannu biyu. Ba ta karɓa ba.

"Ta ce, ka san abin da ke ƙarƙashin zanen?"

"Ban sani ba."

"Ta ce, mutumin nan ta wajen uwa ne ko ta wajen uba?"

"Ƙanen mahaifiyata ne."

"Ta ce, abin yana bin jini? Tana tunanin 'ya'yan da za mu haifa."

"Ki gaya mata shi kaɗai ne," in ji Salome. "Mu bakwai aka haifa. Mun duba."

Tsohuwar ta dubi ƙofar da babban ɗanta ya bi, ta daɗe tana dubawa. Shayin ya fara hucewa a hannun Mang.

"Ta ce kowane gida da nasa. Ta ce naku aƙalla bai gudu ba. Sharaɗi biyu. Ran Litinin shi zai ɗauki gidan nan ya hau da shi tudun maƙabarta, don 'ya'yanta ba su da ƙarfin ɗaukar komai sai gado. Ran biki kuma kada ya zo da kyauta. Ko gishiri."

"Ni dattijon ikkilisiya ne," in ji Hezekiya. "In Rabaran ya ji na je ƙona..."

"Ɗauka aka ce ka yi," in ji Salome. "Da kake saya ka tambayi Rabaran? Ki ce mata ya yarda."

Po Po ta karɓi kofin ta shanye, har da ganyen da ya kwanta a ƙasa. Ta ce wani abu gajere.

"Ta ce ya huce. Ta ce, ka zuba wani, jikana."

Manajan bai damu da wanda ya yarda da wanda bai yarda ba. Ya ce gidan ba zai ƙara minti ɗaya a zaurensa ba, haka ma wanda ya kawo shi. Aka ɗora wa Hezekiya gidan a ka, ya sauka matakala da shi, ya tsaya a bakin titi, masu wucewa suna tsallakawa ɗaya gefen. Daga sama ana jin muryarsa yana gaya wa wani ɗan sanda cewa shi ne ya haɗa auren.

Da ƙarfe biyu saura minti goma, a zauren da aka shirya wa mutum tamanin, ga waɗanda suka rage: Po Po, tana cin ƙafar kaza, Wai-Ling, ido a kumbure, Mang, wanda har yanzu bai tuna ya tashi daga durƙuso ba, Salome, da takalmi ɗaya a hannu ko ƙanenta zai dawo, wata ma'aikaciya tana share kuɗin biliyoyi da tsintsiya ba tare da ta taɓa ko ɗaya ba, Boubacar, a kan kwandon abinci na huɗu, da 'yan aikin nan biyu na takarda, waɗanda tsohuwar ta ciro ta tsayar kusa da butar shayi, don ta ce mijinta bai taɓa wanke kofi ba yana da rai, gara ya koya yanzu.